Sale Mai Rabon Tsaraba

Ran nan ina zaune a tsakar gidan 'yata a nan cikin Daura, ina kallon jikokina suna cin abinci, sai na lura kowa da farantinsa, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, ga waya an jingine da kofi tana ta surutu ita kaɗai. Babu mai jiran wani, babu mai ce wa wani matsa, babu mai kallon hannun wani. Ban ce abincinsu bai fi namu ba, ya fi nesa ba kusa ba, har da kifi da ƙwai ranar da ba salla ba. Amma raina ya sosu, domin na tuna akushi ɗaya da muke zagayewa muna yara, gwiwa na gugar gwiwa. A bakin akushin nan muka koyi cewa ba a sa hannu sai babba ya sa, ba a cin gaban wani, kuma ƙarami ake bar wa ƙarshen tuwo ya suɗe. Ba wanda ya taɓa ce mana karatu muke yi. Sai da na tsufa na gane makaranta ce, kuma an rufe ta ba tare da an yi shela ba.

Ni a hannun kakata ta wajen uwa na tashi, a wani ƙauye arewa da Daura, inda in ka yi tafiya kaɗan sai ka ji an ce ka shiga Nijar. Iya muke ce mata. Tun da aka yaye ni ta ɗauke ni riƙo, ɗakinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. Gidan babba ne, 'ya'yanta maza duk suna ciki da iyalansu, gandu ɗaya, rumbuna a jere bayan ɗakuna. Abin da ke tashin mu da asuba shi ne tarin Iya, sai ƙarar guga a rijiya, sai luguden matan gida a turmi, wanda daga kwance nakan gane wace ce ke riƙe da wace taɓarya. Aikina sharar ɗaki, ɗebo ruwa a cika randa, da kai wa awaki dusa. Yau yaro zai iya girma bai taɓa jin sautin taɓarya biyu suna amsa wa juna ba, injin bakin titi ya karɓe aikin. Ban ƙi injin ba, bayana ya san abin da daka ta yi masa.

A gidan nan akwai Sale, ɗan Kawu Idi, taubashina. Na girme shi da 'yan shekaru. Lokacin da nake ba da labarinsa ko famfara bai fara ba, haƙoransa na nono suna nan reras, kuma babu yaron gidan da bai san kaifinsu ba. Sale ba ya zama wuri ɗaya. In ana wasa sai ya rushe, in ana cin abinci sai ya wawushe, in aka hana shi sai ya kife akushin kowa ya rasa. Fushinsa ba ya sallama, kafin ka ce me ya faru ya riga ya kai cizo, bayan nan kuma ya faɗi yana birgima yana ihu har muryarsa ta dishe. An yi masa duka har masu dukan suka gaji. An sha ba shi rubutu, an yi masa turare, wata tsohuwa ta ce iska ce. A ƙarshe aka ware masa ɗan kwanonsa shi kaɗai can gindin rumbu, yara suka daina kiran sa wasa, iyaye a unguwa suka riƙa ja wa 'ya'yansu kunne a kansa. Ni dai na ga abin da ware shin nan ya ƙara masa, domin yakan ci tuwonsa yana hararar mu, ya gama ya zo ya watsa mana ƙasa.

Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce uwarsa, Inna Hajjo. Sale ɗan farinta ne, kuma a wancan zamani mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle ta tsaya masa. “Yaron nan” take cewa. In aka kawo ƙararsa sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe kamar ba da ita ake ba. In ana dukan sa sai ta shige ɗaki. Na taɓa leƙawa na same ta zaune a bakin gado ta toshe kunnuwa da tafin hannu. Matan yanzu da ke rungume ɗan fari a tsakiyar taro suna kiran sa da sunaye kala-kala ba za su gane wannan kunya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kunyar tana da kyau a ido, amma akwai ranar da takan ɗaure wa uwa baki alhali ɗanta na bukatar ta.

Ranar ta zo da farkon damina. Sale ya ciji 'yar maƙwabcinmu a dantse har jini ya fito, a kan goruba guda. Ubanta ya zo zaure ya yi maganganu, ya ce in yaron ya gagari mutanen gida shi zai kai wa mai gari ƙara. Kawu Idi mutum ne mai gudun abin kunya. Da yamma ya shigo ɗakin Iya ya tsuguna, ina gefe ina gyara fitila, ya ce ya yanke shawara zai ba Baba Jatau yaron. Gabana ya faɗi. Baba Jatau ɗan'uwan kakanmu ne, falken shanu, yana zaune can gaba da Babban Mutum, a tsallaken iyaka. An san shi da gyaran yara, kuma mun ga gyaran. Yaro kan tafi wurinsa da ƙiriniya, ya dawo bayan shekaru ba ya iya haɗa ido da kowa, in ka ɗaga hannu za ka sosa kai sai ya kare fuska.

Iya ta daɗe tana murza goronta a magogi kafin ta ce, “Idi, duka nawa ka yi wa yaron nan?”

“Iya, ai ba su ƙirguwa.”

“To wanne ya ji a ciki?”



“Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar,” in ji ta. “Ka bar min shi har a kawo gero gida. In Jatau ya zo yaron bai sake hali ba, ni da kaina zan ɗaure masa kaya.”

Kawu ya ce to, don ba ya iya musu da ita, amma ya aika wa Baba Jatau cewa ya biyo ta gidan bayan girbi. Inna Hajjo ta ji komai ta bayan zana.

Abin da Iya ta yi ya ba kowa mamaki, wasu ma suka ce tsufa ne. A gidanmu duk ranar kasuwar Mai'adua maza kan dawo da tsaraba a bayan jaki: ƙuli-ƙuli, rake, alewa, wani lokaci tsire in an yi ciniki. Daga jin kukan jakin muke rugawa muna oyoyo. Al'adar ita ce babban yaro ya kasa a faifai kashi-kashi, a ɗauka bi da bi, daga babba zuwa ƙarami. Babbanmu Yaya Ado ne, ɗan wan Kawu, shi ke kasawa shi ke fara ɗauka, kuma Allah Ya jiƙan sa, idonsa bai taɓa kuskuren babban kashi ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya sai Iya ta karɓi faifan daga hannunsa ta ajiye gaban Sale. Maigida take kiran sa, irin wasan kaka da jika. Ta ce, “Maigida, daga yau kai ne mai rabo. Ka kasa yadda ka ga dama, ba mai ce maka komai. Amma mai rabo shi ne ƙarshen ɗauka.”

Sale bai ji rabin maganar ta ƙarshe ba. Ya tara ƙuli-ƙulin nan wuri guda kamar tsibin shuka, ya ɗan yayyafa mana ɓarɓashi a gefe, yana ta washe baki. Iya ta ce, “Ado, bismilla.” Yaya Ado ya sa hannu biyu ya kwashe tsibin. Muka ɗebi ɓarɓashinmu, aka bar wa mai rabo abin da ko kaza ba za ta tsaya a kai ba. Ihun da Sale ya yi ran nan har jakin sai da ya amsa. Ya yi kan Yaya Ado da haƙora, Iya ta cafke shi ta baya, ta zaunar da shi tsakanin ƙafafunta ta rungume, yana shure-shure tana riƙe da shi, ba duka ba zagi. Da ya fara lafawa sai ta miƙa masa moɗa ta ce, “Maigida, ƙishirwa nake ji. Ciko min a randa, kada ko ɗigo ya zuba.” Randar tana can ƙarshen tsakar gida. Yaro ba ya iya tafiya da cikakkiyar moɗa yana huci, dole ya rage sauri, dole numfashinsa ya sauka. Ta kurɓa ta ba shi ya sha sauran.

Sannan ta tambaye shi, “Wa ya kasa?”

“Ni.”

“Wa ya fara ɗauka?”

“Ado ɓarawo!”

“Yaya Ado dai. To in ka sake yin babban kashi ran kasuwa mai zuwa, daga nan fa?”



Wannan “daga nan fa” ita ce sandar Iya. Da ita ta bi shi duk daminar nan, a kan komai. In ya ɗauki dutse zai jefi akuya, ba ta cewa ajiye, sai ta ce, “In ka jefe ta ta karye, daga nan fa?” In ya ba da amsa ta sake cewa daga nan fa, har sai ya kai kansa inda ba ya so ya je. Ba ta taɓa faɗa masa amsar ba, ko da za a wuni. Wani lokaci kuma ta kama haɓarsa ta juya shi wajen yaron da ya ture, ta ce, “Dubi fuskar nan da kyau, me ka gani?” Da farko yakan ce hanci ya gani. Daga baya ya fara cewa tana so ta yi kuka, ko ya ji haushi. Ta dawo da shi bakin akushinmu, ta zaunar da shi kusa da ni, ta ce in na ga ya fara cije leɓe in taɓa masa gwiwa. Na sha cizo a wannan aiki, tabon ɗaya yana nan a hannuna, kuma har gobe ina yi masa gori da shi. Kada wani ya ɗauka abin ya tafi sumul. Akwai ranar kasuwar da ya gudu da faifan gaba ɗaya ya haye rumbu. Iya ba ta sa an sauko da shi ba, amma mako na gaba Yaya Ado ya yi rabo, Sale yana kallo, sai na bayansa aka mayar masa. Ranar da ya fara kasa rake daidai wa daida, yana gwada tsawon kowace gaɓa da ɗan yatsa, harshe a waje, Iya ta yi masa guɗa a tsakar gida kamar an kawo amarya. Ina jin tun da aka haife shi ranar ce aka fara ɗaga murya a kansa ba don laifi ba.

Gero ya nuna, aka yanke, aka ɗaure dammuna, aka kawo gida. Sale ya ragu, amma bai daina ba, kuma Kawu Idi bai ce ya fasa ba. Wata safiya na shiga ɗakin Inna Hajjo karɓo gishiri, na ga ɗan ƙunshi a kan gado, rigunan Sale ne a ciki da ɗan bargonsa. Ta ga na gani, ta ja zane ta rufe.

Baba Jatau ya iso ranar kasuwa da la'asar, tare da Kawu, suka zauna a zaure. An yi ciniki ran nan, tsire aka kawo mai yawa, ƙamshinsa ya cika gida. Sale ya zauna gaban faifai ya ƙirga mu da yatsa, ya kasa, ya daɗe yana ɗauke tsoka daga nan yana mayarwa can. Yaya Ado ya ɗauka, muka bi, saura kashi ɗaya. Ya miƙa hannu ke nan sai ya tsaya. Can jikin katangar zaure akwai wani yaro da ya zo tare da Baba Jatau, mai riƙe masa igiyar doki, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Bai matso ba, bai roƙa ba, idonsa na ƙasa, maƙogwaronsa ne kawai ke motsi. Mu duka mun wuce shi ba mu gan shi ba. Sale, wanda aka yi damina guda ana juya masa haɓa, shi ya gan shi.

Kada ku zaci ya ɗauki nasa ya ba shi. Sale ne fa. Cewa ya yi, “Kowa ya dawo da nasa, rabon bai yi ba. Akwai baƙo.”

Ƙananan suka mayar, ni ma na mayar. Yaya Ado ya ce, “Wa ya hana ka ƙirga shi? Ka ba shi naka, ai kai ne mai rabo.” Ya sa hannu ya dungure masa kai har hularsa ta faɗi.

Taɓaryar Inna Hajjo ta tsaya a sama. Na ga Sale ya cije leɓe, hancinsa na buɗewa, na san abin da ke biyo bayan wannan, ga shi na yi nisa da gwiwarsa. Maza biyu na zaure suna kallo ta ƙofa. Na dubi Iya, ko motsi ba ta yi ba, goronta take ci. Sale ya miƙe tsaye. Ya wuce Yaya Ado, ya tafi ƙarshen tsakar gida, ya buɗe randa, ya cika moɗa ya shanye. Ya dawo a hankali ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya tsaya gaban Yaya Ado ya riƙe ƙugu irin na Iya, ya ce, “To Yaya, in ka cinye, baƙo ya koma garinsu ya ce a gidanmu an ci nama yana kallo. Daga nan fa?”

Matan gida suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Yaya Ado ya ji kunya ya dangwarar da naman a faifai. Sale ya sake kasawa, ya ƙara kashi ɗaya, ya je ya jawo baƙon da hannu ya ce shi zai fara ɗauka. Sale kuma ya ɗauki na ƙarshe, ya duba shi sama da ƙasa, ya ga bai fi na kowa ƙanƙanta ba, sannan ya ci.

Daga zaure na ji Baba Jatau yana cewa, “Idi, wannan ne? In kana so zan tafi da shi, mako biyu ya ishe ni.” Kawu ya ce, “A bar shi tukuna, Baba. Iya ba ta gama da shi ba.”

Kafin magariba Inna Hajjo ta kira ni ɗakinta. Na same ta tana kwance ƙunshin nan, tana rataye rigunan ɗaya bayan ɗaya a kan igiya, hawaye na bin fuskarta tana murmushi. Ta ɗauko wani ƙullin fura mai kyau ta danƙa min, ta ce, “Kai wa yaron nan. Kada ki ce ni na ba ki.” Na kai masa, kuma na faɗa.

Sale bai zama waliyyi ba, har ya yi gemu yana da saurin hawa. Amma ya zauna a gidan ubansa, ya yi abokai, ya yi noma da kiwo, kuma shekara da shekaru in an yanka sa na haɗin gwiwa a ƙauyen nan ba a yarda kowa ya kasa sai shi. Shi ya sa ba na jin tsoro in an ce yaro ya gagara. Na san ba kowane yaro ake shawo kansa ba, na kuma san akwai waɗanda sai an haɗa da likita. Amma yaron da ke cizo da duka, sau da yawa ba mugunta ce ta yi masa yawa ba, hannunsa ne ke riga tunaninsa, kuma ana koya wa tunani sauri kamar yadda ake koya wa ƙafa tafiya.

Abin da ya tono min duk wannan shi ne ƙaramin jikana, Abba, wanda ke gaban waya da farantinsa. An kira uwarsa makaranta ba sau ɗaya ba, yana duka, yana ƙwace, ya fasa wa wani baki. Malamarsu yarinya ce mai hankali. Ta ce tana zaunar da irinsu su kaɗan, da 'yan tsana da hotunan fuskoki, tana koya musu jiran layi da tunanin abin da zai biyo baya, amma sai an taya ta a gida. Da uwarsa ta ba ni labari na ce mata, “'Yata, riƙe wannan da kyau, na san mai irin sa.” Uban yaron kuwa har ya fara zancen wani ɗan'uwansa mai zafin hannu a wani gari. Da na ji haka ban tsaya gardama da suruki ba, na nemi a ara min yaron mu je ƙauye gaisuwa.

Muka sami Sale a ƙofar gida kan buzu, gemu fari, haƙoran nan da suka addabe mu saura kaɗan. Ya ce, “Taubashiya, yunwa ce ta koro ki daga birni?” Na nuna masa tabon hannuna na ce diyya na zo karɓa. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya aika aka sayo ƙuli-ƙuli, ya tara jikokinsa, ya sa aka ɗauko faifai ya ajiye gaban Abba, ya faɗa masa ƙa'ida. Abba bai ji rabin maganar ta ƙarshe ba. Ya tara ƙuli-ƙulin wuri guda, ya yayyafa wa sauran ɓarɓashi, yana washe baki.

Sale ya dubi tsibin nan, ya dube ni, ya yi dariya har da tari. Ya jawo moɗa kusa da shi, ya gyara zama, ya ce, “Je ki gaya wa ubansa ya bar min shi har a kawo gero gida.”